Lemun Tsamin Kawu Ɗanjuma

Duk wanda ya zauna zangon Yendi ya san aljihun Kawu Ɗanjuma maƙeri ba ya rabo da lemun tsami. Ba sha yake yi ba, ƙarfe yake shafa wa. Tun da wani mutumin tsibirin Jawa ya ba shi wuƙa a Makka, mai lanƙwasa, jikinta da zane kamar an jefa dutse a tafki, Kawu ya rasa sukuni. An ce masa ƙarfe iri biyu ake ninkewa a wuta, tsami ya fito da zanen. Ya rantse ba zai mutu ba sai ya ƙera irinta.

A kasuwar Bawku ya fizge wuƙar mahauci yana tsakiyar yanka, ya goga lemu, ya ɗaga ta sama.

"Ƙarfen banza, ba zane."

Mahaucin ya ce, "Alhaji, saniya bai taɓa tambaya ba."

Ana jibi Sallah, matarsa Inna Lami ta ga wuƙar Jawa ta yi duhu. Ta samu toka da yashi, ta dirje ta har tana ganin fuskarta. Zane ya tafi. Kawu ya kwanta a tabarma, ya ce a kira liman. Da ƙyar na tuna masa abin da ke aljihunsa. Yana shafawa zanen ya fara dawowa, ya miƙe yana rawa, da tsufansa.

Inna ta ce, "Ashe dattin kake so. Da ka faɗa, ga tukwanena nan."

Ranar da motarmu ta karya sifirin, ƙarfen nan da ke tallafe da ita ta ƙasa, a hanyar Salaga kuwa, kowa na salati, Kawu na hamdala. Ya rungume karyayyen ƙarfen kamar jariri, ya fasa zuwa ɗaurin auren da ya fito dominsa. Ya haɗa shi da tsohuwar fartanya, yana ninkewa yana duka, yana fashewa, yana sakewa. Mun yi masa dariya har muka gaji.

Sai da idonsa ya fara dushewa ta fito: 'yar wuƙa karkatacciya, zanenta bai wuce faɗin farce ba. Shi bai iya ganinsa ba. Ya miƙa wa Inna.

"Lami, akwai?"

"Akwai, Alhaji. Wallahi akwai."

"To, taki ce. Amma ban da toka."

Da ita take yanka kuɓewa har yau, duk Juma'a kuma ta shafa mata lemu. Ina kewarsa ƙwarai. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa.