Inna Kyauta, Mai Tada Fako

Da hantsi, lokacin da mazan Ɗan Gulbi, can ƙasar Dakoro, ke neman inuwa, Inna Kyauta tana bakin rijiyar makiyaya tana tsintar kashin shanu a kwando. Daga nan sai fako, ƙasar nan da ta mutu ta ƙeƙashe har ruwan sama ke zamewa a kanta. Ta sara rami da diga, ta zuba taki, ta matsa gaba. Gara ta biyo takin ta huda ƙasa, damina ta zo ruwa ya sami wurin zama. Aikinta ke nan tun rasuwar mijinta.

Mace ba ta da gona a gidansu, sai aro. Kuma wa zai ara mata ta kirki? Fako ake nuna mata, ana dariya. Laila maƙwabciyarta ta ga shekarar da gero ya fara tsayawa a wurin da ko akuya ba ta kallo. Ta ga kalgo da sabara sun tofo, Inna tana kewaye su da ƙaya kamar jikoki.

To, ga abin da ke ƙona mini rai. Duk gonar da ta farfaɗo, sai mai ita ya tuna da ita. Na farko ya ce ɗansa ya dawo daga Maraɗi. Na biyu ko dalili bai kawo ba, ya karɓa ya sassabe itatuwan tas, wai manomin kirki ba ya barin daji a gona. Damina biyu iska ta kwashe ƙasar, wurin ya koma gidan jiya. Bana kuma Sa'adu, ƙanen mijinta, ya aiko cewa in an cire amfani yana son wurinsa. Wannan gonar ce ke cika mata rumbu, ga bayanta ya fara ƙi.

Na ce, "Inna, ki kai ƙara wurin mai gari mana!"

Ta ce, "In ce mi, ɗana? Ƙasarshi ce. Ni dai ka roƙa mini shi, kar shi sare kalgon nan."

Haba! Ana ƙwace mata abinci, ita kalgo take wa kuka.

Inna Kyauta, ke ce mai tada ƙasar da aka yi wa sallar gawa. Kin ciyar da gidajen da ba su taɓa ce miki sannu ba. Mun gode, Allah ya saka miki, ya ƙara wa bayanki ƙarfi.

Ku kuma mutanen Dakoro, fako bai ƙare ba, diga tana kasuwa. Kowa ya tada nasa. Malam Sa'adu, kai nake roƙo a gaban jama'a: ka bar mata wannan. Ba ta da ƙarfin haƙa ta huɗu.