Igiyar guga da gonakin mahaifinmu

Shekarun baya, kafin dajinmu ya lalace, lokacin da mutum kan tashi daga Talata Mafara a kan babur ya isa ƙauyukan Faru bai waiwaya ko sau ɗaya ba, Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa. Mu biyu ne maza, ni da ƙanina, ni ne babba. Da aka fitar wa mahaifiyarmu nata, 'yan'uwanmu mata suka karɓi nasu a shanu da awaki, sai ya rage gonaki biyu. Ɗaya tawa, ɗaya tasa. Ƙasarsu iri ɗaya ce, jigawa, ta gero da wake. Ɗaya tana gindin wata tsamiya, a dunƙule take, tsawonta da faɗinta kusan ɗaya. Ɗayar kuwa siririya ce doguwa, ta bi gefen burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya, ta miƙe har sai ka gaji da kallonta.

A lokacin na fi shekara goma sha biyar ban riƙe fartanya ba. Gyaran babur nake yi a Mafara. Na yi makaranta har aji biyu na sakandare, daga nan na ga zaman tasha ya fi daɗi. Amma a gidanmu aji biyun nan digiri ne. Ni ke karanta takardar asibiti, ni ke duba kwanan watan da ke jikin kwalbar magani. Ɗan boko ake ce mini, ni kuma na yarda.

Kowa a garin cewa yake ta tsamiya ta fi girma. Ni kuwa da na tsaya a bakin ta burtali na hanga ban ga ƙarshenta sosai ba, sai na ce a raina mutanen nan da ido kawai suke magana, babu wanda ya taɓa aunawa. Na tuna wani malamin lissafi da ya taɓa fitar da mu filin ƙwallo da igiya, muka zagaye shi muna ƙirgawa, ya ce wannan shi ne kewaye. Na tabbata ya koyar da abin da ke biye da shi. Wataƙila ranar ina tasha.

Saura kwana biyu a yi rabo, na kwance igiyar gugan gidanmu, wadda ta kai taku ashirin, na ɗauki turke biyu na fita da sassafe kamar mai zuwa bayan gari. Ni kaɗai, don kada kowa ya san abin da zan sani. In kafa turke, in ja igiya, in kafa ɗayan, in dawo in cire na baya. Ta tsamiya kowane gefe igiya shida, gefe huɗu, ashirin da huɗu. Ta burtali tsawo goma sha biyu, faɗi biyu, na dawo ta ɗaya gefen haka, ashirin da takwas. Na maimaita lissafin da tsinke a ƙasa. Ta burtali ta fi ta tsamiya da igiya huɗu cur. Na koma gida ƙaya ta yayyage mini wando, ina murmushi ni kaɗai.

Ba zan yi muku ƙarya ba. Ba don a yi adalci na auna ba. Na auna ne don in ɗauki babbar.

Sirri kuma ba ya zama a cikina. Washegari ina shan fura a tsakar gida na ce wa ƙanwata, in aka ba ni zaɓi ta burtali zan ɗauka. Mahaifiyarmu tana gefe tana tankaɗe. Wanda bai san gidajenmu ba sai in gaya masa: ni ɗan fari ne, kuma Inna ta riƙe alkunyar ɗan fari irin ta da. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta yi mini magana kai tsaye, ko ciwo nake yi sai dai ta aiko. In za ta ambace ni, “wancan” take cewa. Ranar sai na ji ta dakata da tankaɗen, ta ce wa ƙanwata, ba ta ko dubi inda nake ba:

“Ni dai na san Malam, babanku, tiya ukku yaka kai ma ta tsamiya na iri. Ta burtali biyu taka ci, wani lokaci har a dawo da saura.”

Ƙanwata ta ce, “Yaya, ka ji.”

Na ce, “Na ji. Tiya ai ba ma'auni ba ce ta ƙasa. Wani ya zuba iri da yawa a rami, wani kaɗan. Mu da munka yi karatu mun san yadda aka auna wuri.”

Inna ta ci gaba da tankaɗenta. Ni kuwa a raina na gama fassara maganar: so take ta ture ni zuwa ta tsamiya don autanta ya samu babbar. Har na ji haushinta. Na ce dama can ai shi take so.

Ranar rabo aka zauna a zauren gidanmu, baffanmu da liman da dattawa uku. Baffa ya ce ko a yi ƙuri'a. Ƙanina ya ce, “A'a Baffa, Yaya shi zaɓa. Duk wadda ya bari ta ishe ni.”

Na gyara zama, na yi ɗan jim kamar mai nazari, na ce, “Ta burtali.”

Baffa ya dube ni ya ce, “Ka ji abin da ka ce kuwa?”

“Na ji, Baffa.”

“Ta burtali hwa.”

“Ita.”

Liman ya gyaɗa kai ya ce, “Allah shi yi maka albarka. Ya ga ƙanensa shi ka da iyali a gari, shi ka noma, ya bar mishi babba. Irin wanga ɗa aka roƙon Allah ya ba mutum.” Ƙanina ya sunkuyar da kai, na ga yana share ido da bakin rigarsa. Aka shafa fatiha. Ni ma na sunkuyar da kai kamar mai jin nauyin yabo, alhali dariya nake dannewa. Na ce na ci biyu, ga babbar gona ga suna.

Damina ta farko na sa 'yan ƙwadago suka yi mini, ina zuwa daga Mafara ina dubawa. Tun daga shinge na fara jin jiki. Gonar da ke bakin burtali dole a kewaye ta da ƙaya, in ba haka ba shanu su yi maka girbi tun shuka tana ƙarama. Na sa aka yi ta saran ƙaya har aka gaji, ƙanina ya gama nasa shingen ni ina rabi. Ko wannan ma daɗi ya yi mini, na ce babbar gona ai sai babban shinge. Da kaka ta yi na ɗaure dami talatin da biyu. Ƙanina ya doshi hamsin. Na ce 'yan ƙwadago sun cuce ni.

Shekara ta biyu na rufe shago na tare a ƙauye da kaina har kaka. Na zuba takin gida, na yi noman farko da maimai a kan lokaci, hannuna ya yi kanta. Aka sake samun kusan abin da aka samu bara. Na ce tsuntsu ne. Shekara ta uku na ce ruwa ne ya ɗauke da wuri, kamar ni kaɗai ya ɗauke wa. Har na fara zargin ko an yi wa gonar wani abu.

Wata ranar kasuwar Bakura na je sayen kayan gyara, na tarar da abokina, wani magini da muka yi firamare tare, yana dara a gindin bishiyar bedi da wani mahauci. Na zauna ina kallo ina zuba masa ƙorafi, har na kai ga ba shi labarin igiyar, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina faɗa ina alfahari. Bai ɗago ba sai da ya ci mahaucin. Da mahaucin ya tashi sai ya share ƙasa da tafin hannu ya ce, “Sake gaya min. Ta tsamiya nawa da nawa?”

“Shida ko'ina.”

Ya sa yatsa ya tona ramuka irin na dara, layi shida, kowane layi rami shida. Ya ce, “Kowane rami ka ɗauke shi fili ne mai igiya ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Ƙirga.”

Na ƙirga. Talatin da shida.

“Taka hwa?”

“Goma sha biyu da biyu.”

Ya tona layi biyu, kowanne rami goma sha biyu. Bai ce in ƙirga ba. Tun yana tonawa na ga abin. Ashirin da huɗu.

Na ce, “Amma ai na zagaya. Tawa ta fi da huɗu.”

Ya ce, “Kai malam, gero a gefen gona yaka tsira ko a ciki? Ka auna inda ƙaya za ta zauna, ka bar inda hatsi zai tsaya. Tsawo sau faɗi aka yi. Ni in za ni sa ma ɗaki siminti a ƙasa, in na zagaya bango na ƙirga ai sai mai gida shi kore ni.” Ya yi dariya har da buga cinya, sannan da ya ga fuskata ya daina. Ya ce, “Wai da gaske wagga ce ta sa ka zaɓa?”

Ina kallon ramukan ina tuna tiya uku da tiya biyu. Talatin da shida da ashirin da huɗu, daidai wa daida. Tsohuwar da ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba ta ba ni amsar tun kafin a yi tambaya.

Daga Bakura ban koma Mafara ba, na juya kan babur zuwa ƙauye. Niyyata a sake zama, a yanko mini ramuka shida daga ta tsamiya, kowa ya tashi da talatin. Duk hanya ina shirya maganar. Na isa bayan la'asar na tarar da ƙanina a ƙofar gida da surukinsa da wasu baƙi biyu. Ya miƙe ya karɓi babur ɗin ya jingine, ya shimfiɗa mini buzunsa. Aka yi gaisuwa, ya gida, ya iyali, ya gajiya, ya aiki, aka sake maimaitawa. Ina jiran a gama in ja shi gefe, sai ya juya ga baƙin ya ce, “Wanga shi ne Yayan da nika ba ku labari. Shi ya bar min babbar gona ya ɗauki ƙarama, ba wanda ya roƙe shi. Duk abin da kunka ga ina ci da iyalina, bayan Allah shi ne.” Surukin ya kama hannuna da hannu biyu ya daɗe bai saki ba.

Ƙanina ya ce, “Lahiya dai, Yaya, da yamma haka?”

Na ce, “Lahiya lau. Gaishe ku na zo yi.”

Na shiga ciki wurin Inna. Tana bakin murhu, ba kowa a tsakar gidan. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon tukunya kamar kullum. Sai na ji bakina ya gaya mata komai, igiyar, ramukan, har da abin da na zarge ta da shi. Ta daɗe tana gyara itace. Sannan ta ce, da tukunyar take magana ba da ni ba:

“Tunda aka haihi wancan ban taɓa buɗe baki don shi ba gaban mutane sai rannan. Kwana ukku ina jin kunyar kaina.”

Ta ƙara da cewa, “A bar shi haka nan. Yaro ya riga ya gaya ma duniya.”

Aka bar shi haka nan. Inna ta rasu shekara huɗu bayan wannan, ba ta gaya wa kowa ba.

Mutane kan ce rashin ilimi cuta ne. Ni ban ga ya cuci ƙanina ba, ban ga ya cuci Inna ba. Abin da ya cuce ni rabin da na sani ne, da kuma raina duk wanda bai zauna a bencin makaranta ba. Da ban san kewaye ba, da na bi abin da gari ke faɗa na ɗauki babbar, in zama azzalumin wa na gaskiya. Da na san tsawo sau faɗi, haka ɗin dai zan yi. Wannan ne ke hana ni jin tausayin kaina sosai in na zauna ina tunani. Ta kowace hanya aka bi, niyyar ba ta da kyau. Lissafin ne kawai ya ƙi ba ni haɗin kai.

Kada wani ya ɗauka na huce. Ban huce ba. 'Ya'yana bakwai, abin da gonar nan ke bayarwa ba ya kai mu tsakiyar rani, shekarun da aka samu damar noma ta ke nan. Duk kaka ƙanina yana aiko mini da buhun gero a motar kasuwa, da saƙon godiya, in karɓa in ce Allah ya saka. Kuma har yau in 'yan'uwa suka yi rigimar gado a garinmu, dattawa kan ce su je su tambayi yadda wane ya yi da ƙanensa.

Ƙanina ba ya karatu, ba ya riƙe babbar waya. Wanda ya karanta wannan ya gane ko su wa ake nufi, don Allah ya riƙe bakinsa. Shekara da shekaru yana yi mini addu'a a kan abin da ban yi ba, kuma a halin da nake ciki ina bukatarta.