Hasumiyar Fitilar Bakin Fadama

A bayan ƙauyenmu, can ɓangaren Miga, akwai wani tudu a bakin fadama. A kansa hasumiyar take, ta dutse, ta ɗara soro tsawo. Turawan safiyo ne suka gina ta don awon ƙasa zamanin kakanninmu, suka tafi suka bar ta. Mutanen garinmu ne suka samo mata aiki. Da damina ruwa kan malale ya shanye hanya, sai da kwalekwale ake zuwa kasuwa. Wata shekara hadari ya rutsa da 'yan kasuwa suna dawowa, suka kasa gane gaɓa, jirgin ya kife da su. Tun daga nan ake rataya fitila a kan hasumiyar. Kakana ne ya fara, kawuna ya gada.

Da aka ba mu jiha na samu aiki a Dutse, ɓangaren rijiyoyin burtsatse, na kama haya a unguwar Yalwawa. A shekarun nan aka yi wa garinmu titi, jirage suka ragu, aka daina kunna fitilar. Amma Kawu bai daina hawa tudun yana share gindinta ba.

Maƙwabcina a Yalwawa abokin aikina ne, Kirista daga Filato, mutum mai son yawo. Farkon zamanin shari'a aka kawo mana wata na'ura kamar rediyon hannu, mai nuna daidai inda mutum yake tsaye a doron ƙasa. Wani Bature da ya koya mana aiki da ita ya ba maƙwabcin nawa labarin wani wasa: ka ɓoye ɗan gwangwani a wuri mai tarihi, ka sa lambobin wurin a intanet, masu irin na'urar su zo su nemo shi, su ɗauki ɗan abu su ajiye wani.

Da na kai shi garinmu ya ga hasumiyar, sai ya durƙusa gaban Kawu da ɗan gwangwani a hannu.

"Baba, ina neman izini in ajiye wannan a nan. Baƙi za su riƙa zuwa."

Kawu ya buɗe gwangwanin ya duba. Maɓalli ne, da fensir, da zoben roba.

"Wannan za su taso daga nesa su gani?"

"Hasumiyar za su gani, Baba. Wannan dalili ne kawai."

Kawu ya yi dariya, ya nuna masa wani rami tsakanin duwatsun.

Sun zo kuwa, jefi-jefi. Wasu Turawa mata da miji daga Kano, wani likita Ba'indiye, wasu ɗalibai. Kawu ya kan sa rigarsa ta Juma'a ya hau da su, ya nuna musu ƙugiyar fitila da inda jirgin ya kife. Rabon da in gan shi da fara'a haka tun ana kunna fitilar.

Sai wani ɗan kwangila, ɗan garinmu, ya sa ido. A ganinsa babu Baturen da zai ƙona mai daga Kano don maɓalli, lallai zinariya aka binne a ƙarƙashi. Bai fito ya ce haka ba. Abin da ya baza a gari shi ne wai arna sun mayar da wurin gidan tsafi. Liman da kansa ya hau ya duba, ya sauko da gwangwanin ya ce babu komai sai kayan wasan yara. Wa ya saurare shi? Ɗan kwangilar ya riga ya tara majiya ƙarfi da diga da shebur.

Ranar Asabar ce, ina gari. Na tarar sun haƙe gindin hasumiyar ta gabas, Kawu na tsaye yana roƙonsu.

Na ce wa ɗan kwangilar, "Alhaji, in tsafi kake nema, ga gwangwanin a hannun Liman. Me kake tona?"

Ya ce, "Kai ka kawo mana su, kai za ka hana mu gyara?"

Kafin la'asar ta karkace, ta zube. Suka tona har suka tarar da ruwa, ba su samu ko ƙusa ba. Babu wanda ya ce a yi haƙuri. Washegari tifa ta zo ta kwashe duwatsun, da su aka zuba harsashin shagunan Alhajin a bakin titi. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: ya ari sunan addini ya yi haƙar zinariya, ya rasa, ya tafi da dutse kyauta.

Na kai kuka wurin manya a Dutse, aka ce lokaci ne mai tsauri, in bar maganar. Maƙwabcina kuwa aka fara nuna shi da baki a unguwa. Ya nemi canjin aiki ya koma gida da iyalinsa. Ranar da zai tafi ya ce in roƙar masa Kawu gafara, kamar shi ya riƙe digar.

Da na isar da saƙon, Kawu ya ce, "Shi da ya durƙusa ya tambaye ni? Ka ce masa na gode."

Bai ƙara hawa tudun ba har ya rasu. Alhajin ya zo gaisuwa, ya zauna a sahun gaba, ni na miƙa masa ruwa don ba yadda zan yi.