Hasken La'asar a Ɗakin Mma

Bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar yayana Tanko, kuma har yau in na ga rana ta ratso ta hujin kwanon rufi, shi nake tunawa.

Kafinta ne a unguwarmu Nima kafin wani ofishin masu zanen gine-gine ya ɗauke shi, wajen ƙarshen shekarun casa'in. A can ya koyi gina ɗaki a cikin kwamfuta: bango, kujera, taga, har inda haske zai sauka. Mu kuwa muka sa shi a gaba da tsiya, wai ga kafintan da ba ya taɓa katako.

Shekarar da ruwa ya cika babbar kwatar unguwarmu ya rushe ɗakin mahaifiyarmu, sai muka mai da ita unguwar Maamobi, ɗaki sabo fil mai fenti. Mma ta kwanta ta juya fuska bango. Ko koko sai an yi da gaske take kurɓa. Wallahi na tsorata, na ɗauka tafiya za ta yi.

Yaya ya roƙi maigidansa aron kwamfuta, ya gina tsohon ɗakin a ciki, ya ɗauko kwamfutar a tasi har gida. Mma ta leƙa ta ce, "Wannan asibitin wa ne?" Ni na tuntsire da dariya, shi ko a jikinsa. Ya koma ya rage hasken, ya shafa wa bango baƙin hayaƙi, ya jera kwanonin aurenta a kabad, ya huda rufin daidai inda yake yoyo. Ya ishe ni da tambaya: "Ladi, hasken ranar nan a kan gado yake sauka ko a kan buzun Baba?" Na ce a kan buzu mana, sai ka ce ba a ɗakin aka haife ka ba!

Da ya sake kawowa, bai kunna ba sai da rana ta karkata. Mma ta daɗe tana kallo. Can ta nuna siririn hasken da ya sauka a gefen buzun marigayi Baba, ta ce, "La'asar ta yi, kun bar ni zaune." Ta miƙe da kanta ta nemi buta. Da ta idar, ta ce a zubo mata tuwo.

Yanzu jikokina suna ƙera ɗakuna a waya kafin shayi ya huce, ko'ina ƙal-ƙal. Da Yaya na nan, na san zai yaba, don ba shi da ƙyashi. Amma sai ya matso da fuska ya tambaye su, "To wa ya taɓa kwana a nan?"

Faifan da ya ajiye aikin ya daɗe da lalacewa, hoton ɗakin da aka wanke ma ya koɗe. Abin da ya rage mana shi ne shekarun da Mma ta ƙara a cikinmu, har ta goya 'ya'yansa a bayanta. Allah ya haskaka kabarinka, Yaya. Ka san irin hasken da nake nufi.