Hular Injiniya a Filin Al Warsan

Jan jirgin na fara gani. Wata safiyar Juma'a ce cikin sanyin 2016, ina tafe a ƙafa bayan rumbunan kaya na Al Warsan a Dubai ina neman wani mai shayi da aka yaba mini, sai wani abu ja ya gifta saman katanga yana ƙugi kamar zanzaro. Ya ɓace, ya dawo, ya sake ɓacewa. Da na zagaya katangar sai ga fili mai daɓen kwalta, a tsakiyarsa magidanta uku kafaɗa da kafaɗa suna juyawa wuri ɗaya, kowa da mariƙi a hannu. Daga kowane mariƙi siraran wayoyi biyu sun miƙe zuwa wani ƙaramin jirgi da bai fi tsawon hannun mutum ba. Ni da na tashi da karatun littattafan soyayya na bakin kasuwa, sai na ga kamar zuciya ce aka ɗaure da zare, tana gudu iya ƙarfinta amma ba ta barin mai riƙe da ita. Na tsaya har rana ta yi zafi, shayin ma na manta da shi.

Juma'ar da ta biyo na jawo abokin zamana, wani Bakano dogo mai aiki a kamfanin jigilar kaya. A cikin 'yan Filifin da Indiyawan da ke wasan muka tarar da Bahaushe guda ɗaya, dattijo Bazazzagi mai kula da manyan janaretoci a wata masana'anta a Al Quoz. Injiniya kowa ke ce masa. Gajere ne, ba ya yawan dariya, kuma ko cikin tsere ba ya rabuwa da zannar hularsa. Shi ya zaunar da mu a bayan motarsa ya karanta mana ƙa'idoji. Kowane jirgi mutum biyu ne da shi, matuƙi a tsakiyar da'ira da makaniki a gefe. Girman inji ɗaya ne ga kowa, tankin mai kuwa ɗan mitsitsi, don haka dole jirgi ya sauka makaniki ya cafe shi, ya ɗura mai, ya tayar, ya saka. Ba a fizgar jirgi da hannu don ƙara masa gudu. Injin ba shi da totur, in ya tashi gudu ɗaya yake yi sai an kashe shi. Wanda zai wuce wani ta sama zai bi, ya ɗaga hannu wayoyinsa su haye kan ɗan'uwansa, wanda ake wucewa kuma ya sunkuya.

Na gwada tuƙi sau ɗaya jiri ya zaunar da ni, sai na zama makaniki, abokina matuƙi. Wajen zaɓen inji muka saɓa da Injiniya. Shi mai filogi yake so, wanda ake kunna wa batir ya tashi ba gardama, ko da yake shan mai ne da shi. Ni kuma zuciyata ta faɗa kan dizal. Ba ya neman batir, yana tafiya mai nisa da mai kaɗan, amma sai an lallaɓa shi, a ɗaure masa kai kaɗan a sassauta kaɗan, man nasa kuma mai warin asibiti ne, in aka bar gwangwani a buɗe zafin Dubai ya shanye ƙarfinsa. Injiniya ya ce na zaɓi inji kamar yadda nake zaɓar littafi, wanda ya fi ba da wahala. Ban musa ba.

Mun kwashe sanyi biyu muna zuwa na ƙarshe. A na ukun injina ya fara waƙa yadda nake so, kuma a lokacin ne wani abu ya shigo da ya fi tsere girma. Injiniya yana da 'ya mai karatun haɗa magunguna. Wasu Juma'o'in takan zo da mahaifiyarta, su zauna a mota da fulas ɗin shayi. Ban san ranar da ido ya haɗu ba, na dai lura abokina ya fara goge rigar zuwa fili. Daga baya ya gaya mini sun fahimci juna, mahaifiyar ta sani, wata gwaggonsa ta kira daga Kano ta shigar da magana. Uban ne bai ce e ba, bai ce a'a ba. Daga nan abokina ya daina haɗa ido da shi. Ya koma gaishe shi a durƙushe kan kwalta, 'yan Filifin suna zaton takalminsa yake ɗaurewa.

Sai jirginmu ya kama wani hali. Yana cikin gudu mai kyau, da zarar ya matso bayan jan jirgin Injiniya sai inji ya mutu, ya sauko. In cafe, in girgiza, in ji tanki da sauran mai. Na zargi zafi, na zargi man, na kai injin shagon wani mai walda a Al Quoz muka wargaza shi ba mu ga komai ba. Injiniya ya ce dama ya faɗa mini. Sai wata rana a ɗaki, muna cin wake da shinkafa, abokina ya ajiye cokali ya ce shi ke kashewa, da ɗan fizgen da ake yi wa mariƙi in ana so a sauka.

"Mutumina, ka duba mana," ya ce. "Mutumin da nake neman 'yarsa, shi zan ɗaga wa hammata a ka, ya duƙa mini a gaban matarsa? A gidanmu ko inuwarsa ba zan taka ba."

Dariya ta zo mini, sai na ga idonsa na haɗiye ta. A littattafan da na karanta saurayi yakan ƙetare kogi ko ya yi faɗa da 'yan fashi, ban taɓa ganin wanda ƙa'idar wasa ta sa a gaba ba. Na yi masa alkawari ba zan faɗa wa kowa ba.

Ashe alƙalin gasar, wani Ba'indiye mai kaifin ido, ya riga ya gano. Ranar tseren ƙarshe na wannan sanyin ya tara matuƙa ya ce saukar ganganci tana jefa makanikai cikin haɗari, wanda ya sake yi an cire shi. Injiniya yana tsaye yana ji. Ya dubi abokina, ya dube ni, ya gyara hularsa.

Aka ce yalla, wato a fara, na buga farfela, dizal ya kama tashi ɗaya. Kafin saukar farko mun cim ma jan jirgin. Daga inda nake durƙushe na ga abokina ya rage tsawo, ya lanƙwasa gwiwa kamar mai gaisuwa a cikin tafiya, na kuma ji muryarsa cikin ƙugin injuna yana cewa, "Baba, a gafarce ni." Ya ɗaga hannu, amma ladabi ya hana shi ɗagawa sosai. Injiniya kuma, da ya saba ba a wuce shi, bai sunkuya da wuri ba. Gwiwar hannun abokina ta kwashe hular, ta yi birgima a kan kwalta, sanƙon dattijo ya bayyana yana ƙyalli a gaban kowa. Na waiga wajen motar, na ga mahaifiyar ta rufe baki da mayafi, 'yar ta sunkuyar da kai.

Ba wanda ya tsaya, don ba a tsayawa. Muka gama na ɗaya, karon farko a rayuwarmu, abokina kuwa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya ɗauko hular ya karkaɗe, ya je ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu. Injiniya ya karɓa ya daɗe yana juya ta.

"Ƙa'ida ta ce wanda ake wucewa ya sunkuya," ya ce. "Ni ne ban sunkuya ba. Tashi, kwalta da zafi." Ya sa hular, ya juya zai tafi, sannan ya ƙara da cewa, "Ka ce wa mutanenku su je Zariya su ga yayana."

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Abokina ya bar mini ɗakin ya kama fulat kusa da surukansa a Al Khabaisi. Mun ci gaba da tsere, amma bai ƙara shiga da'ira ɗaya da Injiniya ba. In ƙuri'a ta haɗa su sai ya ce kafaɗarsa na ciwo, alƙali ya yi murmushi ya sauya.

A 2021 Injiniya ya ajiye aiki ya koma Zariya. Gwiwa ta hana shi juyawa, ya buɗe ɗan shagon gyaran injin ban ruwa a unguwarsu don kada zaman gida ya ishe shi. Duk sanda 'yar ta kawo jikoki hutu, an ce yakan rufe shagon tun azahar. Surukin nasa in ya zo har yanzu a bakin tabarma yake zama, kuma bai taɓa cin abinci a gabansa ba.