Ƙaurin Ridi

Ni dai ban tashi da son girki ba. Waɗanda suka san ni a yanzu, suna ganina tsakanin manyan tukwane a gidajen biki na Lafia, in na faɗi haka sai su ɗauka wasa nake. To ba wasa ba ne. Har na kai aji biyar a sakandare, in Mama ta ce in shiga kicin sai in tuna ina da aikin makaranta, in ta ce in gyara kayan miya sai kaina ya fara ciwo. Ita ma ba ta cika matsa mini ba, don dama ba ta yarda da hannun kowa a tukunyarta ba.

Mama mace ce mai ji da girkinta, kuma tana da hujja. A unguwarmu in ana suna ko walima, ita ake kira ta ɗanɗana miya kafin a sauke. Abu ɗaya ne ba ta yafe wa mace, shi ne ƙauri. In ta ci abincin wata ta ji ya kama, ba za ta ce uffan a wurin ba, sai mun dawo gida tana cire mayafi ta ce Allah ya shirya wance, ta bar wuta ta yi mata girki.

A daminar shekarar da nake aji biyar ɗin nan ne Baba ya kwanta. Taifot ne ya ci ƙarfinsa har sai da aka yi masa aiki a ciki. Ya daɗe a asibiti, da aka sallame mu kuma likita ya ce wa Mama magani ya yi nasa, saura abinci. Muka dawo gida muna murna, mun ɗauka an gama da mai wuyar. Ashe Baba ya baro bakinsa a can. Komai aka ba shi sai ya ce kamar kwali yake taunawa. Mama ta yi farfesun kaza, ta yi faten doya, ta dama kunun gyaɗa, ta sa Bafulatanar da ke kawo mana nono daga wajen Shabu ta riƙa ware masa kindirmo mai kyau. Sai ya kai cokali ɗaya baki, ya yi hamdala, ya ce ya ƙoshi.

Baba tela ne, kuma duk kayan jikinsa shi ya ɗinka su daidai da shi. Na ga ranar da ya miƙe zai yi alwala wandonsa ya zame, ya tare shi da hannu, ya ja mazagi har ƙarshe bai kama ba. Da muka koma asibiti a duba ɗinkin cikinsa, likita ya dube shi ya dubi Mama, ya ce ciwon ba ya haɗuwa yadda ya kamata, in aka ci gaba a haka sai an mayar da shi gado. Tsoro ya kama ni sosai a ranar.

Wata rana da la'asar yana kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, ana yayyafi, sai muka ji ya ce, kamar da kansa yake magana, da zai samu miyar ridi irin ta tsohuwa da ya ci. Tsohuwa ita ce mahaifiyarsa, kakata, 'yar ƙabilar Alago ce ta garin Doma, ta rasu ina ƙarama ƙwarai, ban riƙe ko kamanninta ba. Kafin ya rufe baki Mama ta ɗauki mayafi ta nufi kasuwa. Ta zaɓo ridi fari tas, ta wanke, ta rairaye, ta soya shi ya yi ruwan zuma, ta haɗa miya da busasshen kifi, ta kirɓa sakwarar sabuwar doya mai laushi. Ƙamshi ya cika gida. Baba ya tashi zaune da kansa, ya yanki loma ɗaya, ya haɗiye, ya ce ta yi daɗi, sannan ya nemi ruwan wanke hannu. Ranar na fara ganin Mama tana kuka a kicin, ta juya wa ƙofa baya.

Aka kira Gwaggo, yayar Baba da ke zaune a Doma, a waya. Ta lissafa yadda uwarsu ke yi, ridi, man ja, daddawa, kifi, barkono, gishirin garin Keana, babu abin da Mama ba ta sani ba. Mama ta nemo gishirin ta sake yi, aka sake samun loma ɗaya. Daga nan ta ce gani ya kori ji, dole wani ya je ya tsaya a kan Gwaggo ya ga abin da hannunta ke yi wanda bakinta bai faɗa ba. Ita ba za ta iya barin Baba ba, ƙannena kuma yara ne. Ta dube ni, na dube ta, dukanmu mun san ba ni ce ta dace ba, amma babu wata.

Na shiga motar haya da hantsi, an matse ni tsakanin buhun taki da wata mata mai kaji a kwando. Gonakin doya sun yi kore shar hagu da dama har muka shiga Doma. Gwaggo na gani na ta riƙe haɓa. Hausarta irin ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa kai ne.

"Kai ne uwarka ya aiko? Kai da ko ruwan zafi ba ka iya dafawa? To, Allah ya taimaki ƙanina."

Ba ta bar ni na zauna ba. Ta ce ido ba ya koyon girki, hannu ke koya. Ta ɗebo ridin da ta riga ta wanke ta shanya, ta hura murhu, ta ɗora wani tsohon kasko na ƙasa da ya yi baƙi ƙirin, ta miƙa mini muciya. Ta ce in yi ta juyawa kada in tsaya, da zarar na ji ya fara tsalle yana ƙas-ƙas in sauke. Ana cikin haka wata maƙwabciya ta yi sallama, Gwaggo ta fita. Ni kuwa, da yake itacen damina ne, hayaƙi ya cika mini ido, na ja da baya ina murza ido da gefen hijabi, ina tari, ina tsine wa girki da wanda ya ƙirƙiro shi. Da na dawo kan kaskon, na ƙasan ya wuce ruwan zuma ya koma ruwan ƙasa mai duhu, wani wari mai kauri yana tashi.

Gwaggo ta shigo da sauri, baki buɗe, faɗan na kan harshenta. Sai ta tsaya cak a tsakar gida. Ta ja numfashi, ta sake ja, ta laluba kujera ta zauna a hankali.

"Wannan warin Iya ne," ta ce. "Haka gidanmu ke wari."

Ta yi dariya har da hawaye, ban san wanne ya fi yawa ba. Da ta natsu ta ba ni labari. Kaka tana sayar da gishiri da daddawa a ƙofar gida, kuma kamar da gangan, duk sanda ta ɗora ridi a wuta sai mai saye ya yi sallama. Ita kuwa ba ta iya miƙa wa mutum kaya ba tare da ta gaishe shi yadda ya kamata ba. Sai ta tambayi maigida, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi gona da ruwa da gajiya, in akwai mara lafiya a dangin ta tambaye shi. Kafin ta dawo, na ƙasan kasko ya kama. Ba ta taɓa zubarwa ba, sai ta haɗe shi duka ta daka. Haka suka tashi suna shan miyar ridi mai ƙauri, har suka ɗauka haka ake yin ta.

Na ce to me ya hana ta faɗi wannan a waya? Ta ce wa zai buɗe baki ya ce wa matar ƙaninsa ta ƙona miya, kuma ma ita ba ta taɓa lissafa ƙaurin cikin girki ba. Tun da ta yi aure dangin miji suka yi mata dariya, take ta fama da gyara abin har ta manta da shi. Ta ƙara da cewa Baba ne ya fi kowa mita a kan ƙaurin nan yana yaro, kullum sai ya ɓata fuska ya yi ƙorafi, kuma kullum shi ke suɗe kwano.

"In ya ci ya ce ya yi daɗi, ba ka samu ba," ta ce. "In ya yi mita, shi ke nan."

Sauran yinin nan ƙona ridi muka yi ta koyo, abin da ban taɓa jin an koya wa 'ya mace ba. Ashe shi ma yana da iyaka. In ya yi baƙi ɗaci ne, ko akuya ba za ta ci ba. In bai kama ba kuma an koma miyar kowa. Gwaggo ba ta da agogo, ma'auninta shi ne gaisuwa ɗaya cikakkiya. Ta sa na ɗora kasko, da ya fara tsalle na ajiye muciya na tafi bakin zaure, ita kuma ta zama mai sayen daddawa, na gaishe ta tun daga maigida har kan awaki. Karon farko na yi sauri, ta ce gaisuwar 'yan boko na yi, ridi bai ko ji ba. A nan ne, ina tsugune ina shinshina kasko ina ƙoƙarin gane bambancin wari da wari, na fara jin abin yana shiga raina. Ban taɓa sanin cewa halin mutum yana iya zama a cikin miya har bayan ya bar duniya ba.

Washegari na koma Lafia da kaskon a naɗe cikin tsohon zane. Na yi wa Mama bayani a tsaye a kicin. Ta saurare ni har ƙarshe, fuskarta kamar an ce ta fita kasuwa ba ɗankwali. Ta ce a gidanta? Na ce a gidanta. Ta leƙa rumfa inda Baba ke kwance, ƙasusuwan wuyansa a waje, ta dawo ta hura mini gawayi da hannunta.

Da ridi ya fara tsalle na ajiye muciya na fita ƙofar gida. Allah ya taimake ni maƙwabciyarmu, wata 'yar ƙabilar Eggon mai sayar da alale, tana zaune a dakalinta. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi maigida, na tambayi yaranta kowa da sunansa, na tambayi kasuwa da ruwa da ƙafarta mai ciwo. Matar ta yi ta kallona, don ba ta saba samun fiye da ina kwana daga gare ni ba. Can ta ɗaga hanci ta ce da Hausarta irin ta Gwaggo, kamar wani abu yana ƙonewa a gidanku fa, abi Mama ba ya nan? Na ce tana nan, na ci gaba da tambayar surukarta. Da na koma ciki na tarar da Mama tsaye a kan kaskon, ta harɗe hannayenta a baya ta riƙe ɗaya da ɗaya gam, idonta a rufe. Ba ta taɓa muciyar ba. Har yau in na tuna tsayuwar nan sai in ji ƙaunarta ta cika mini zuciya.

Na daka ridin a turmi har ya fara fitar da mai. Sauran aikin Mama ta tsaya a kaina, ta nuna mini lokacin zuba daddawa da yadda ake ɓare kifi a cire ƙaya, ita ta kirɓa sakwara. Muna cikin yi muka ji muryar Baba daga rumfa yana tambayar me ake dafawa. Tun da ya dawo daga asibiti bai taɓa tambaya ba.

Ni na kai masa. Mama ta tsaya daga bakin ƙofa tana gyara abin da bai lalace ba. Ya wanke hannu, ya yanki loma, ya dangwala, ya kai baki. Ya daɗe bai haɗiye ba. Sai ya yamutsa fuska.

"Wa ya yi wannan miya?"

Na ce ni ce.

"Ta yi ƙauri," ya ce. "Mutum ya ɗora abu a wuta ya tafi surutu."

Ya jawo kwanon kusa da shi ya sake yankar loma. Ya ci yana mita ƙasa-ƙasa, yana ci yana mita, gumi na tsattsafo masa a goshi, har ya kai ga sa yatsa yana bin gefen kwano. Bai ɗago ya dube mu ba, mu ma ba mu matsa masa da kallo ba, don na ga idonsa ya kawo ruwa kuma barkonon bai kai haka ba. Da ya gama ya tambaya ko akwai sauran sakwara. Na zauna a ƙasa inda nake, na ji wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi ya sauka.

Daga ranar bakinsa ya buɗe. A hankali ya koma cin farfesun Mama da faten doyarta, ɗinkin ya haɗe, kafin lokacin kaka ya shigo ya koma kan keken ɗinkinsa. Ni kuma ban sake ciwon kai a ƙofar kicin ba. Na bi Mama na kwashi abin da ta sani, na bi maƙwabta na koyi nasu, kuma har gobe in zan yi wa mutum girki sai na tambaye shi wa ya fara ciyar da shi.

A yammacin ranar da Baba ya suɗe kwanon nan dai, ina wanke kaskon a bakin rijiya, Mama ta zo ta tsaya a kaina. Ta ɗauki murfin tukunya ta duba, ta ajiye, ta ce man jan ya ɗan yi yawa. Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya ba tare da ta waiwayo ba.

"Gobe ma ki ƙona," ta ce.