Tambayar da ta kamata a yi wa uwa

Jiya da hantsi ina zaune a zaure, 'yata ta fari ta tsaya a bayan labule. Ta zo goyon ciki daga Droum, mijinta yana Agadas, mahaifiyarta kuwa Allah Ya karɓi abarsa bara. A al'adarmu ba na kiran sunanta, ita ma ba ta taɓa ambaton cikinta a gabana ba.

Ta ce, "Baba, wata ƙawata ce mai juna biyu. A likita, wurin awo, an ce ta yi allurar rigakafin ciwon hanta, maƙwabta kuma sun ce za ta taɓa ɗan. Ba ta da wanda za ta tambaya."

Ni ma ban san amsar ba. Sai na ce, "Ki gaya wa ƙawar taki ta shirya, gobe ubanta zai raka ta su ji daga bakin lokotoro mai duba masu ciki."

Yau na zauna a bencin masu awo, ni kaɗai namiji, a gurbin marigayiya. An yi mana bayani cewa allurar ba za ta taɓa ɗan ba, 'yata ta miƙa hannunta aka yi mata.

Jama'a, ku da kuka zama uwa da uba lokaci guda, yaya kuke yi da kunya?